Tsakuwa ta Goma

In ka shiga Sabon Garin Damagaram ka ce kana neman gidan Dokta Dibora Iliya, sai a yi ta kallon-kallo, kowa na tambayar na kusa da shi. Amma ka ce likitar nan da ba ta yin allura, to ko mai ƙosan bakin titi za ta ɗaga matsami ta nuna maka shuɗiyar ƙofa. Malamar jami'a ce, shekararta goma sha huɗu tana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, kuma har gobe gwaggonta ba ta daina turo mata masu ciwon gwiwa ba. Abin da ta sa a gaba kuwa shi ne nauyin da aiki ke ɗora wa zuciyar mutum har ya taɓa masa jiki, wanda masu Faransanci ke ce wa sitires. Mu nan ba mu da suna guda da muke kiransa. Wani ya ce gajiya, wani ya ce damuwa, mafi yawa kuma ba sa cewa komai.

Ba haka kawai ta faɗa wannan karatu ba. Mahaifinta Iliya ma'aikacin jinya ne, ya yi shekara talatin ana jefa shi daga wannan ɗakin shan magani zuwa wancan, yau Zermu, gobe Damagaram Takaya, kafin a dawo da shi birni. Mutum ne mai fara'a, in yana waƙa a majami'a ran Lahadi har waje ana jin muryarsa. Kullum ya dawo daga aiki Dibora ce ke kai masa ruwa, ta durƙusa ta ce, "Baba, ina gajiya?" Ya ce, "Ba gajiya, 'yata." Haka ya ce mata wata Laraba da la'asar, tana ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, ya sunkuya zai cire takalmi, bai ƙara ɗagowa ba. Hawan jini. Mutumin da ya auna jinin rabin ƙasar Damagaram, ashe bai taɓa ɗaura abin awon a nasa damtsen ba. Mutuwar ta yi mata ciwo, amma abin da ya tsaya mata a rai shi ne amsar nan da ya ba ta minti biyu kafin ya faɗi.

Ta yi karatu a Yamai, ta ƙetara waje ta ƙaro, ta dawo da digirin dokta da wata takarda mai tambaya arba'in da biyu, wadda aka ce an gwada ta a ƙasashe da dama ba ta kuskure. Ta zaɓi ungozomomin ƙauye, su sajfam, don a ganinta babu wanda aiki ke ci kamar su: mace ɗaya, ƙauyuka goma sha, ba Asabar ba Lahadi. Ta mayar da tambayoyin Hausa, ta bi ƙasar Mirya ɗaki-ɗaki.

"Kina jin aikin ya fi ƙarfinki?"

"A'a Madam, mun gode Allah."

"Kina samun barci?"

"Alhamdulillahi."

Wata ma idonta ya yi zuru-zuru, tana hamma tana cewa ita dai ba ta san wata matsala ba. Da Dibora ta zuba amsoshin a na'ura, sai sakamako ya nuna mata duk duniya babu masu kwanciyar hankali kamar ungozomomin ƙasar Mirya. Kai, har dariya ta yi, amma ba ta jin daɗi ba.

Mijinta Amos malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ba mai yawan magana ba. Ya tarar da ita a tsakar gida ta tasa takardu gaba ta zabga tagumi, ya ce, "Maman Jinƙai, ke in na ce miki ina gajiya, me kike cewa?" Ta san "ba gajiya" za ta ce. Ai gaskiya ne. Wa zai dubi tsabar idon baƙo ya ce na gaji? In musulma ce ta ga kamar butulci ne ga Allah, in kirista ce ta ga kamar ƙarancin bangaskiya ne, kuma su duka kunya ɗaya ce ke riƙe musu harshe.

Daga nan ta jefa takardar a akwati. Ta sayi ƙaramin kwanon langa a Kasuwar Dole, ta tsinci tsakuwa goma a gindin duwatsun Birni, kowace kamar gurjiya. In ta je wurin ungozoma sai ta zuba mata su a tafin hannu ta ce, "Ki ɗauka aikin nan kaya ne a kanki. In ba nauyi, kada ki jefa ko ɗaya. In ya kai inda wuya zai karye, ki jefa duka." Sai ta juya baya ta fuskanci bango. Ba wanda ya yi ƙorafi da bakinsa, ba wanda ya dubi idon wani. Ƙwal. Ƙwal. Ita kuma tana ƙirgawa a zuci. Abokan aikinta a jami'a suka samu abin tsokana, da sun hango ta da jaka sai su ce, "Dokta, yau ina aka nufa da kayan duba?" Ta bar su da tsiyarsu. Cikin shekara uku kwanon nan ya gaya mata abin da tambaya arba'in da biyu suka kasa.

A Garin Mala, wani ƙauye na ƙasar Guna, ta gamu da Zuwaira. Doguwar mace ce mai sanyin murya, ta girmi Dibora da shekara biyar ko shida, ta yi shekara goma sha tara tana karɓar haihuwa a ɗaki guda mai gado biyu. Rabin samari da 'yan matan garin a hannunta suka faɗo. Mata tun suna kan amalanke, ba a ma sauke su ba, suke kiran sunanta.

Ranar farko Dibora na fuskantar bango tana ƙirgawa. Bakwai. Takwas. Tara. Sai shiru. Ta juyo, ta ga Zuwaira ta damƙe ta ƙarshen a hannu. Ba al'adarta ba ce ta tambaya, amma ranar bakinta ya riga ta.

"Yaya Zuwaira, ita wannan fa?"

"Wannan ba ta shiga, Madam. In mace ta iso tana cewa ina Zuwaira, a kira mini Zuwaira, sai in ji kamar an sauke mini wani abu. Shi ke riƙe da ni." Ta yi ɗan murmushi. "Ki bar mini ita mana."

Dibora ta bar mata. Zuwaira ta ƙulle tsakuwar a haɓar zaninta, Dibora kuma ta tsinci wata a ƙofar ɗakin ta cike gurbin.

Daga nan sabo ya shiga. Dibora takan zo ran Talata, su zauna a gindin tsamiyar da ke bayan ɗakin haihuwa, a dama fura, a yi hira. Sai a zuwa na huɗu Zuwaira ta fito da abin da ke cikinta. Daminar bara waccan, da tsakar rana, ruwa ya yanke hanya, aka kawo mata mace mai naƙuda, ashe 'yan uku ne. Ba mota, ba likita, ita kaɗai. Ta karɓe su duka da rai, uwar ma ta tashi. Har 'yan rediyo suka zo, aka yi ta faɗin sunanta a gari.

"To tun ranar, Madam, hannuna ke rawa."

Dibora ta dubi hannun. Yana nan a kan gwiwa lafiya lau.

"Ba lokacin aiki ba. Lokacin aiki hannuna dutse ne. Sai na gama, na wanke, na fito nan gindin tsamiya, sannan duka biyun su kama karkarwa kamar ba nawa ba. In zauna a kansu har su daina. Ko maigidana bai sani ba." Ta dubi ɗan rikodan da Dibora ta ajiye a kan tabarma yana ɗaukar magana. "Wannan abin naki, ina zai kai maganar?"

"Sunanki ba zai fita ba, Yaya. Na yi miki alkawari."

"Amana ce fa."

"Amana ce."

Kuma wallahi har zuciyarta ta faɗa. Dibora ba maƙaryaciya ba ce, wannan kowa zai shaide ta.

Abin da take nema a wurin hukuma ba mai yawa ba ne: a ƙara ungozoma ta biyu a wuraren da aiki ya yi yawa, a ba kowace kwana ɗaya a mako ta huta. Ta rubuta rahoto biyu, duka suka yi barci a cikin durowa. Ana nan sai aka gayyace ta wani taron shugabannin kiwon lafiya na yanki, aka ba ta minti goma sha biyar, bayan cin abincin rana, lokacin da ko wa'azi mutane ba sa ji. Ta san irin taron. Ka zuba musu alƙaluma, wannan na gyangyaɗi, wancan na latsa waya. Sai ta ce a ranta, bari wannan karon in ba su mutum, ba lamba ba.

Da safen ranar ta karanta wa kanta jawabin, ya haura lokacin da aka ba ta, ta kama yankewa. Cikin abin da alƙalaminta ya bi ta kai har da layin nan, lokacin aiki hannuna dutse ne. Ta ga kamar yana rage wa labarin kaifi. Ta soke shi, ta ɗauki jaka ta fita neman kabu-kabu.

A zauren taro ta ce, "Akwai wata da zan kira Rakiya, ba shi ne sunanta ba." Ta ɓoye suna, ta ɓoye gari, duk yadda ƙa'idar bincike ta ce a yi ta yi. Ta ba da labarin mace ita kaɗai a ɗaki mai gado biyu, da ruwan da ya yanke hanya, da 'yan uku, da hannun da ke rawa tun daga ranar. Zaure ya yi tsit, masu waya suka ajiye. Haba Dokta! Ke da aka haifa a garin nan? 'Yan uku nawa aka karɓa a ƙauye a daminar bara waccan, har rediyo ta faɗa? A can inda ta yi karatu, in ka sauya wa mutum suna ya ɓace ke nan. A ƙasar Damagaram kuwa ba da suna ake sanin mutum ba, da abin da ya same shi ne.

Daga can baya wani ya ce, ba da ƙarfi ba ma, "Ai Zuwaira ce ta Garin Mala." Kawuna suka gyaɗa. Aka yi mata tafi irin wanda ba a taɓa yi mata ba, ita kuwa ta tattara takardunta ta sauko.

Abin da rahoto biyu suka kasa, labarin nan ya yi shi cikin mako biyu. Aka tura sabuwar ungozoma Garin Mala. Amma a cikin takardar da ta kawo ta akwai layi na biyu: an ɗauke Zuwaira daga ɗakin haihuwa, an mayar da ita teburin awon jarirai, wai don ta huta. Maganar kuma ba ta tsaya a takarda ba. Direban da ya kai sabuwar ya faɗa wa mai shayi, mai shayi ya faɗa wa gari. Kafin kasuwa ta sake ci, hannun da ke rawa a gindin tsamiya ya zama hannun da ya taɓa sakin jariri a ƙasa, wasu ma suka ce mutanen ɓoye ne suka taɓa ta.

Dibora ta tafi biro, wato ofishin Dokta Tahiru, likitan da ya sa hannu a takardar. Mutumin kirki ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya tashi ya tarbe ta da murna, a zatonsa godiya ta zo yi.

"Ranka ya daɗe, ba haka na nufa ba. Hannunta ba ya rawa lokacin aiki. Sai ta gama."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Madam, wannan ba ki faɗa a taro ba."

"Ban faɗa ba."

"To yanzu mutum sittin sun ji daga bakin masaniya cewa hannun ungozoma na rawa. In na mayar da ita, Allah ya kiyaye, wani abu ya faru, ko da ba laifinta ba ne, me zan ce? Ke kika nemi a ba su hutu. Ga shi na ba ta."

Ta fito ba ta san ta inda ta bi ta kai gida ba. A makon ta je Zermu wurin wata ungozoma da ta saba jefa bakwai. Ta zuba mata tsakuwa, ta juya baya, ta yi ta jira. Ba ƙwal ko ɗaya. Da ta juyo matar ta miƙo mata su duka goma da hannu biyu ta ce, "Mun gode Allah, Madam." Haka a gari na gaba. Labari ya riga ta zuwa ko'ina.

Wata guda cur tana cewa gobe za ta Garin Mala. Kunya ta hana ta, tsoro ya hana ta. Ciwon kai ya kama ta ta ƙeya, abinci ya daina shiga, a aji takan tsaya tsakiyar jimla ta manta me take cewa. Duk alamun nan ita ke koyar da su, tana iya jero su ido rufe. Wata Litinin da yamma Amos ya dawo daga lakwal ya ce, "Maman Jinƙai, ina gajiya?" Ta ce, "Ba gajiya." Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu yana kallonta, sai da ta ji abin da ta faɗa. Ya ce, "Gobe Talata ce. Ki je."

Ta isa da hantsi. Zuwaira na zaune a ƙarƙashin rumfa, ga ma'auni rataye, ga layin mata da goyo. Ta rame. Da ta ga Dibora ta miƙe, ta jawo mata benci, ta sa aka kawo ruwa, ta gaishe ta gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina maigida, ina Jinƙai, ya hanya. Babu abin da ta rage, kuma babu ɗumi a ciki ko kaɗan.

"Yaya, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Madam."

Kafin Dibora ta haɗa maganar da ta taho da ita, sai ga amalanken shanu ya shigo da sauri, wata yarinya kwance a kai tana murƙususu, tsohuwa na riƙe da kanta. Zuwaira ba ta ma san ta tashi ba. Har ta kai bakin amalanken, ta ɗora tafinta a kan cikin tana cewa, "Sannu 'yata, tun yaushe?" Tsohuwar ta kama mata wuyan hannu, a hankali, ta ɗauke shi.

"A'a Zuwaira, bar ta. Ina sabuwar?"

Yarinyar ta juya fuska gefe. Sabuwar ungozoma ta fito da gudu, aka kama aka shiga da ita, aka tura ƙofa. Matan layi kowace ta sunkuyar da kai tana gyara goyon da ba abin da ya same shi. Zuwaira ta dawo ta zauna. Ta ce, kamar da tebur take magana, "Ita ma ni na karɓe ta. A gadon hagu."

Nan Dibora ta sauka daga benci ta durƙusa a ƙasa, a gaban mata, ba ta damu da wa ke kallo ba. Hawaye na zuba ta ce, "Yaya, ni ce. Ni na faɗa. Na sauya sunanki na ɗauka ya isa. Kuma kin ce mini lokacin aiki hannunki dutse ne, na cire wannan da hannuna don labarin ya fi kama su. Ki yafe mini. Zan je wurin maigari, zan tara matan garin nan in gaya musu gaskiya."

"Tashi Madam, kada ki ɓata zaninki." Muryarta ba faɗa a ciki. "Ki ce musu me? Yana rawa, amma sai an gama? In 'yarki ce a kan amalanke, za ki tsaya jin amma?"

Dibora ta san ba za ta tsaya ba.

"Na yafe miki. Ai kin samo mana ta biyu, yarinyar tana da ƙoƙari." Ta dubi jakar Dibora. "Kin zo da kwanon?"

Yana cikin jaka, kullum yana ciki. Dibora ta fito da shi, ta ajiye a kan tebur, ta kai hannu za ta zazzago tsakuwoyin. Zuwaira ta girgiza kai.

"Bar su. Na jefa tara tun tuni, kin ƙirga. Juya bayanki."

Ta juya ta fuskanci bangon ɗakin haihuwa. Daga ciki ana jin nishin yarinyar da muryar sabuwar ungozoma tana ba ta baki. A bayanta ta ji motsin zane, ana kwance ƙulli, ƙullin da ya daɗe har ya yi tauri, sai da aka sa haƙori.

Ƙwal.

"Kayanki ne, Madam. Sun cika."

Dibora ba ta iya juyowa ba. Tana nan tsaye ta ji Zuwaira ta jawo littafin awo, ta ce wa matar da ke gaba a layi ta kwanto yaron.